Bazarar Da Markus Ya Saci Hajo

Bazarar bana ta shigo da fushi. Tun hantsi hannun famfon burtsatsen da ke bayan cocinmu yake ɗaukar zafi, sai an naɗa masa tsumma kafin a iya kamawa. Jiya ina tsaye a layi da jarkokina sai iska ta taso daga wajen gulbi, busasshiya, ta kawo ƙaurin karan da manoma ke ƙonawa a gonakin bakin gari. Wannan ƙaurin ne ya cika mini hanci a wata bazara 'yan shekarun baya, wadda azuminmu na kafin Ista ya haɗu da azumin Musulmi, wadda ni da abokina Markus muka ɗauko wa kanmu gudun fanfalaki saboda ruwan nan da nake tsaye ina jira.

Sunana Ayuba, facin taya nake yi a bakin tashar Ƙaura Namoda. Nan aka haife ni. Aikin jirgin ƙasa ya kawo ubana daga kudancin Kaduna, jirgi ya daina zuwa, mu muka zauna. Markus kuwa iyayensa daga ƙasar Zuru suka zo, gyaran janareta yake yi. Tare muka tashi a kwatas ɗin reluwe, tare muka sha bulala a makaranta, tare muke waƙa a coci, shi da murya, ni da ƙarfin hali. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar na zalɓe, tun muna yara ba wanda ya taɓa kamo shi a guje. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa yana riga hankalinsa isa wuri.

A shekarar, mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun cika wani kango a bayan cocinmu. Akasarinsu mata da yara, kusan dukkansu Musulmi, suna kwana ƙarƙashin buhunan da aka ɗinke. Abinci ana ɗan samu, wannan ya kawo tiyar gero, wancan ya kawo kwanon tuwo. Ruwa ne babu. Rijiyoyin unguwa sun ƙafe tun kafin zafi ya kankama, sai matan su ɗauki bokiti su gangara gulbi su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Can 'yan bindiga suka tare wasu uku wata safiya. Biyu ba a sake ganinsu ba. Ta ukun ta dawo da sara a kafaɗa har ƙashi, tana riƙe da bokitinta ba ta ma sani ba. Matata Rahila ce ta danne mata raunin da zaninta har aka samo babur.

Lahadin da ta biyo baya Fada, limamin cocinmu, ya yi sanarwa bayan wa'azi. Ya ce wasu masu taimako a Jos sun shirya gudun fanfalaki bayan Ista, kuma duk cocin da ya aiko mutum ya gama gudun daga farko har ƙarshe, za a haƙa burtsatse a inda cocin ya nuna. Ya ce nisan ya ɗara daga Ƙaura zuwa Zurmi. Kowa a coci ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Sai Markus ya miƙe.

“Fada, na yi alkawari gaban Ubangiji da gaban jama'a, ni da Ayuba za mu kawo ruwan ga.”

Ni da ko akuya ban taɓa kora da gudu ba! Ana tashi na damƙe shi a bakin ƙofa.

“Kai, wa yac ce ka sa sunana? Ka tambaye ni?”

“In na tambaye ka mi za ka ce?”

“A'a mana!”

“To shi ya sa ban tambaya ba.”

Alkawari kaya ne, kuma wannan a gaban bagade aka ɗaura shi. Kafin yamma labari ya isa kango, wata tsohuwa ta zo har rumfata ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Daga nan ban ga ta inda zan zame ba.

Ranar Larabar Toka, ranar da muke ɗaukar azumi, muka fara, da tokar a goshinmu. Kiran sallar asuba shi ne agogonmu. In na ji shi sai in lallaɓa gidan Markus, mu durƙusa a bakin ƙofarsa mu yi addu'a, mu kurɓi ruwa, mu ɗaura takalman da muka tsinto a gwanjo, mu kama tsohon layin dogo. Azuminmu ba a hana ruwa, amma abinci sai rana ta faɗi. Makon farko na yi amai har na ga ɗaci. Cinyoyina suka saɓule, faratan ƙafata suka yi baƙi, 'yan acaɓa suna bin mu da dariya suna tambaya ko mun saci wani abu ne. Rana na ɗagowa in koma rumfa in yi ta fama da tayoyi, roba na narkewa a hannu, yunwa na yagar hanji, in zufa ta bushe sai ka ga gishiri fari a riga. Da yamma Rahila ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai, ta tuƙa tuwon dawa, ta gasa mini ƙafafu da ruwan zafi tana mita cewa ta auri mai faci an musanya mata da doki. Ɗaki ba ya kwantuwa, bango yana amayar da zafin da ya sha, sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

A hankali jiki ya fara karɓa. Sai Markus ya ce layin dogo ya yi mana kaɗan, dole mu nemi doguwar hanya. Kwaltar Zurmi ba ta biyuwa da ƙafa, ko mota sai ta jira rakiya. Muka zaɓi wani burtali da ke ratsa gonaki, ya bi ta cikin wani kwazazzabo mai zurfi, ya hau zuwa wani ɗan ƙauye a gefen hanyar Dauran da ake kira Tungar Marke. Mun lissafa nisa, mun lissafa ruwa. Abu ɗaya ne ba mu lissafa ba, mu da aka haifa a ƙasar nan.

Muna fitowa daga kwazazzabo da gudu, wata mata da ke shiƙa a bakin ƙauye ta ɗago ta gan mu. Ba ta tambayi kome ba. Ta yar da ƙwarya ta kurma ihu. Kafin ka ce kwabo ƙauye ya watse. Mata na fizgar yara, maza na tsallake danga, tukunya ta kife a wuta, wata tsohuwa ta faɗi aka bi ta kanta hannunta ya karye. Muna ɗaga hannu muna cewa lafiya, amma wa zai tsaya sauraro? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

'Yan sa-kan ƙauyen ne suka tare mu. Shugabansu wani gajere kakkaura mai suna Lawali, da bindigar toka a kafaɗa. Kafin ya tambaye mu sai da ya kai mini gora a gadon baya na durƙusa.

“Wa yak koro ku?”

“Ba kowa,” in ji Markus, “motsa jiki mukai.”

“Motsa mi?”

Gora ta sauka a bakinsa. Suka ɗaure mu baya da baya a gindin marke, suna cewa 'yan leƙen asirin mutanen daji ne, aka kawo adda aka ajiye a gabanmu inda za mu riƙa ganinta. Na yi fitsari a wando, ba zan ɓoye ba. Allah ya taimake mu mai garin ya dawo daga maɓoyarsa, wani tsoho da nake yi wa facin keke shekara da shekaru. Ya sa aka kwance mu, ya dube mu ya girgiza kai.

“Ɗiyana, ƙasar ga tamu yanzu ba a gudu don nishaɗi. Wanda duk munka gani da gudu, mutuwa ta ka biye da shi.”

Markus, da leɓe a fashe, ya ba shi labarin kango da gulbi da burtsatse. Ashe cikin matan kangon akwai ɗiyar ƙanwar mai garin. Nan tsoho ya yanke shawara. Mu riƙa sa farar singileti da jar hula duk ranar da za mu zo, shi kuma zai sanar gida-gida cewa wanda ya ga fari da ja yana gudu kada ya tashi, 'yan gudun coci ne. Muka je muka gaida tsohuwar da ta karye, muka ba ta haƙuri, ta zage mu tas sannan ta yafe.

Da farko in mun ɓullo sai ka ga an zabura, sannan a zauna. Daga baya ko zabura aka daina. Mata suna daka a gindin marke su ce ga marasa aikin yi nan sun taho. Matar Lawali, Luba, ita ce kan gaba wajen tsiya, ta ce da wannan ƙarfin muka kawo gona da an ga amfaninmu. Suna da 'yar ƙaramar yarinya, Hajo, ba ta daɗe da yaye ba, da ta hango jar hula sai ta taho da gudu tana tangaɗi, don Markus ba ya rabo da alawar madara a aljihu. Lawali bai taɓa ba mu haƙurin dukan da ya yi mana ba, amma ya fara ɗaga mana hannu. Da azuminsu ya kama, har zolaya ta shiga.

“Markus, azumin da aka shan ruwa, wanga ma azumi na?”

“Aje bindiga ka biyo mu, Lawali, ka gani in azumi na.”

Zafi ya kai zafi a lokacin. Ganye ya kakkaɓe, shanu sun zama ƙashi, kaji na buɗe baki a inuwar rumbu. Mu da su duk leɓe a bushe, duk ido a sama ana jiran hadari. Ina jin daɗin ƙauyen nan, kuma ina alfahari a raina cewa mun koya wa mutane su ga gudu ba su firgita ba. Na ɗauka alheri muka shuka. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma mu muka kafa musu turken da hannunmu.

A Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, muka fita dogon gudu na ƙarshe. Gari ya tashi da gumi, iska ta tsaya cik, sama ta yi fari fat. Muka ratsa Tungar Marke, Hajo ta karɓi alawarta, muka wuce zuwa wata kuka da ke can gaba inda muke juyawa. Kafin mu kai Markus ya fizgo ni muka faɗa cikin sabara.

Babura ne a gindin kukar, da yawa, kowanne da mutum uku, fuskoki a naɗe. Sun tare wani mai itace da muke gaisawa da shi kullum, yana durƙushe kusa da jakinsa yana roƙo. Ɗayansu ya sauko ba gaggawa, ya zare adda ya sare shi a wuya. Bai mutu nan take ba, ya riƙa shure-shure a cikin ƙura, aka ƙara masa. Jini ya fantsama a kan itacen da ya ɗauro. Jakin bai ko motsa ba. Na ji suna dariya, wasu suka nufi fadama suna tattara shanu, babbansu yana nuna ƙauyen da bakin bindiga.

“Tunga,” Markus ya raɗa mini. “Tashi.”

Muka ja ciki har muka sami duhuwa, sannan ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Ƙaya na yagar ƙwauri ban ji ba, numfashi na ƙuna kamar na haɗiyi garwashi. Muka faɗa ƙauye muna ihu da maƙogwaron da ya bushe, murya na fita a shaƙe.

“Ga su nan! Mutanen daji! Ku tashi!”

Fari da ja suka gani. Mata suka ci gaba da daka. Wani mai saƙar zana ya ɗago ya ce sannunku da aiki. Luba ta dogara taɓarya tana dariya.

“Yau kuma da waƙa kunka taho? Markus, a dai bar wasa da sunan mutanen ga.”

Na ruga wurin mai gari na kama rigarsa. Tsoho ya yarda da ni rabi, ya shiga tambaya, su nawa, ta wace hanya, na tabbata ba 'yan kasuwa ba ne. Kafin in amsa ɗaya ya jefo wata. Mutum biyu uku suka miƙe suna waige, suka ga kowa na zaune, suka koma suka zauna. Can nesa, ƙasa-ƙasa, na fara jin gurnanin inji.

Markus ya dube ni. Na san kallon, irin wanda ya yi ne kafin ya miƙe a coci. Hajo na riƙe da ƙafarsa tana neman wata alawar. Ya sunkuya ya sure ta, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya ratsa tsakiyar ƙauye da gudu, ta gaban masallaci, ta bakin rijiya, ya nufi hanyar kwazazzabo. Da fari yarinyar dariya take. Sai Luba ta ƙwalla wata irin ƙara da har yau nake ji a kunnena.

“Wayyo ɗiyata! Ya ɗauke mani ɗiya! Ku tarbe shi!”

Abin da ihunmu ya kasa yi, wannan ƙarar ta yi. Ƙauye ya tashi gaba ɗaya. Maza da gora da lauje, mata da taɓarya da goyo a baya, yara suka bi iyayensu suna kuka. Na bi su ina cewa ku saurara, wani ya kai mini sanda a kunne na ga wuta. Da Markus ya so, da ya bar su ko ƙurarsa ba su gani ba. Amma sai ya riƙa ja a hankali, irin gudun da muka koya na doguwar hanya, yana waiwaye, in sun yi nisa ya rage, in sun matso ya ƙara. Jan su yake yi a baya, gona bayan gona, duwatsu na sauka a kafaɗarsa, ya rungume yarinyar a ƙirji.

Ya kai bakin kwazazzabo ya fara gangarawa, mutane na kwarara bayansa. Nan Lawali ya sha gabana ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Na ga ya yi saiti ƙasa, saboda 'yarsa na sama. Na miƙa hannu ban kai ba. Bindigar toka ta tashi, cike da guntayen ƙusa da ƙarafa. Gwiwar Markus ta dama ta tarwatse. Ya juya a iska ya faɗi rigingine don kada ya danne Hajo. Luba ta fizge 'yarta, sauran suka rufe shi da duka. Taɓarya a haƙarƙari, gora a fuska, na ga haƙorinsa a yashi. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, suka ci gaba da ni, na ji wani abu ya karye a gefena.

Sai harbi ya tashi daga bayanmu. Ba irin na toka ba, mai ɗaya-ɗaya. Wannan a jere yake zuwa, ba ɗan ƙasar nan da bai san bambancin ba. Gora ta tsaya a sama. Kowa ya juya. Hayaƙi baƙi yana tashi daga rumbunan Tungar Marke, iska ta kawo mana ƙaurin kara da hatsi.

Muna cikin rami, daga ƙauye ba a hango mu, kuma ramin ya miƙe har gulbi, daga gulbi sai gari. Mata suka toshe bakin yara suka bi shi a sunkuye. Lawali ya tsaya da bindigarsa fayau, ya dubi hayaƙi, ya dubi Markus, ya sake duban hayaƙi. Ya yar da bindigar, ya yage rigarsa ya ɗaure cinyar tamau, ya durƙusa na ɗora masa shi a baya. Ni na riƙe ƙafar da ke reto. Haka muka yi ta tafiya cikin yashi mai ƙuna, shi da azumi a baki, jinin Markus na bin bayansa har dugadugai. Duk wanda ya bi Markus ya rayu. Mai gari, da mai saƙar zana, da tsohuwar nan mai karaya, da sauran waɗanda ba su iya gudu ba, washegari aka je da sojoji aka binne su.

Ranar Juma'a Mai Kyau aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ranar Ista na tsaya cikin mawaƙa bakina a rufe. Da aka zo Addu'ar Ubangiji, aka kai wurin da ake maganar yafe wa wanda ya yi maka laifi, sai na ji harshena ya ƙi. Mutanen Tungar Marke sun ƙaru a kangon bayan coci, kullum safe ina ganin Lawali zaune a bakin buhunansa. Na tsane shi. Akwai ranar da na fito daga rumfa da ƙarfen cire taya a hannu na nufe shi. Ya gan ni, bai tashi ba, ya cire hula ya sunkuyar da kai.

“Buga, Ayuba. Wallahi ni ma na so a buga.”

Rahila ce ta riƙe mini hannu ta baya tana kuka. Na jefar da ƙarfen na tafi asibiti, na tarar da Markus fuska a kumbure, bargo ya lotsa a inda ƙafa take da. Na ce masa na fasa gudu. Na ce ba zan fasa ƙirjina in kawo ruwan da Lawali zai sha ba, ƙishi ya kashe shi.

“To Hajo hwa?” in ji shi. “Da tsohuwar da tas sa maka albarka? Kai Ayuba, da suna biyu na yi alkawarin ga. Ƙahwa huɗu munka hwara da su, saura uku, biyu kuma naka na. Wa kake so shi tahi, ni?”

Ya yi dariya ta wurin giɓin haƙoransa, dariyar ta koma tari. Na fita waje na yi kuka a jikin bango.

Makonnin da suka rage ni kaɗai na yi su, ina zagaya filin coci da haƙarƙari a ɗaure, don ban ƙara yarda in yi gudu inda wani zai gan ni daga nesa ba. Ruwan farko ya sauka ana gobe zan tafi, da iska da tsawa, matan kango suka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har murfin tukunya.

Jos da sanyi na same ta. Mutane ɗari-ɗari a bakin layi, suna tsalle suna dariya. Ba wanda ya gaya mini da 'yar bindiga ake ba da alamar tashi. Tana tashi na kwanta rub da ciki a kwalta, hannu a ka. Aka riƙa tsallake ni, wani ya taka mini yatsu, wata mata ta ɗago ni tana tambaya ko farfaɗiya gare ni. Na tashi na bi baya. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen gefen hanya ne. Ga jama'a na gudu, su kuma suna tsaye suna tafi, da yara a kafaɗa, ba wanda ya waiwaya ya ga me ya koro mu. Na yi nisa ina hawaye. Can wajen ƙarshe ƙafafu suka mutu, gefena na suka kamar ana soka mini basilla, na riƙa kiran sunan Yesu a taki ɗaya, sunan Markus a na biyu. Ina cikin na baya-baya, an fara kwashe kujeru, amma na taka layin da ƙafata.

Bayan damina aka zo da mota aka haƙa burtsatsen. Ranar da ruwa ya ɓullo Fada ya yi addu'a, limamin unguwa ya yi tasa, mata suka rangaɗa guɗa. Kangon nan yanzu ya zama unguwa, an yi ɗakunan laka, an daina zuwa gulbi tonon yashi. Tungar Marke kuwa ba wanda ya koma, an ce har marken an sare. Ni ina ɗan gudu har yanzu a layin dogo, amma da na hango mutum sai in koma tafiya.

Markus yana gyaran janaretansa a zaune. Kullum safe Lawali ne ke buga masa ruwa ya kai har ƙofar gida, ba wanda ya sa shi, kuma har yau bai iya haɗa ido da shi ba. Ni ma na daɗe ina sauya layi in na gan shi a famfo.

Jiyan nan da ƙaurin kara ya tuno mini da waccan bazara, Markus na zaune a kan dakali kusa da famfo, sandunansa a gefe. Hajo ta wuce da kayan makaranta ta ce ina kwana ɓarawona, ya laluba aljihu ya miƙa mata alawa. Lawali na can yana bugu, bayansa gare mu. Sai na ji tambayar da na daɗe ina haɗiyewa ta fito.

“Wai tsakaninka da Allah, ba ka jin kome in ka gan shi?”

Markus ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana na da zafi.

“Uban da za a ɗauke mai ɗiya shi tsaya kallo, wanga uba na? Tun kahin in sunkuya na san zai harba, na san kuma ba ya kuskure. Ina gudu ina roƙon Ubangiji abu guda, shi riƙe mai hannu har mu kai kwazazzabo.” Ya shafa dungulmin cinyarsa. “Kuma ya riƙe.”

Layi ya zo kaina. Lawali ya janye jarkar Markus, ya matsa gefe zai ba ni wuri kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Na tura tawa ƙarƙashin bakin famfo, na kama tsumman ta gefen da ya bari.

“Ina za ka?” na ce. “Kama mu buga.”